Ɗari Cif

Kafin in auna ruwan Dadin Kowa
sai na fara auna mudun da zan yi awon.
Baffa Manga ne ya koya mini,
bai kuwa san yana koyarwa ba.
A rumfarsa ta Tudun Hatsi
akwai wani tsohon kwano a rataye,
bai taɓa sayar da ko ƙwayar gero da shi ba.
In gardama ta kaure tsakanin mai saye da mai awo
sai ka ji an ce, a ɗauko kwanon Baffa.
Shi kwanon ba ya rantsuwa.
Ko ya cika, ko ya ƙi cika.

Yau ni ke ƙera kwanon.
Na sayi gorar ruwa a bakin tasha,
na shanye, na wanke, na daskarar da ita
har ta yi tauri kamar ƙashi,
na niƙa, na tankaɗe a rariya uku,
kowace ta fi 'yar'uwarta rowa.
Kwana tara ina sunkuye a kan madubi
ina tsintar ɓurɓushin da bai kai ƙwan kwarkwata ba.
A kan arba'in da bakwai aka ɗauke wuta.
Na zauna a duhu, hannuna a sama,
ina tsoron numfashina.
Da aka maido, na koma ɗaya.

Kwalba uku, ruwa tatacce sau huɗu,
kowace na zuba mata ɗari cif,
na toshe, na kama bakina.
Ɗaya ta bi motar Sallau zuwa Bauchi,
ɗaya na miƙa wa Rifkatu a teburin da ke bayana,
ɗaya tawa.

Bauchi suka bugo waya: tamanin da uku.
Sauran sun maƙale a wuyan kwalba,
ko sun bi ruwan ɗauraya, Allah masani.
Rifkatu ta samu casa'in da ɗaya,
ta rubuta, ta ja layi biyu a ƙasa.
Na yi murmushin wadda ta san amsa,
na tace tawa, na ƙirga.

Ɗari da sha huɗu.

Roba dai ba ta haihuwa.
Na sake ƙirgawa, ba ta ragu ba.
Baƙin nan goma sha huɗu dogaye ne,
sirara, shuɗaye, a lanƙwashe.
Rifkatu ta leƙa madubin, ta ɗago,
ba ta ce uffan ba,
sai ta kama gefen mayafina da yatsu biyu,
shuɗin nan da na saya da ƙaramar salla.

Ashe laifi tudu ne.
Na taka nawa, ina hango na Bauchi.

Na ninke mayafin na sa a jaka,
na ɗaura farin alawayyo.
Yanzu kullum akwai kwalba ta huɗu a gefe,
buɗe, ba a zuba mata komai,
aikinta ta ba da shaidar
abin da iska da mu kanmu muke yayyafawa.

Ranar Laraba na je bakin madatsa.
Barde masunci yana fere karfasa,
leda tana yawo kusa da kwalekwalensa
kamar wadda ta zo gaisuwa.
Ya ce, Malama, wata nawa ke nan,
nawa kuka samu a ruwan namu?
Na ce ban sani ba tukuna.
Ya yi dariya har wuƙar ta faɗi.
Na ce, in na faɗa maka yau,
da wane kwano za ka kama ni?

Ya yi shiru, ya ƙulla mini kifi biyu,
a leda.

Na dawo Gombe bayan la'asar,
na wanke hannu har gwiwa,
na sunkuya.
Ɗaya.
Biyu.