Tarun Sabela

A asibitin Koruna Sabela ta ɗora haɓa kan ƙarfe.
"Kalli koren ɗigon. Kada ki ƙyafta."
Walƙiya ɗaya.

Ga bayan idonta a allo,
ja kamar garwashi,
a tsakiya 'yan ɗige-ɗige rawaya
kamar gero ya zube.

Dokta Breixo ya ƙirga da bakin alƙalami.
"Goma sha ɗaya. Bara bakwai ne.
Ba su rage miki gani ba tukuna."

Shekara hamsin tana ɗinke tarun masunta,
ta san ɓaraka daga zare guda take farawa.

Ya ba ta takarda mai layuka a gicciye:
"In sun karkace, ki dawo."

Ta manna ta jikin firji.
Kowace safiya, ido ɗaya a rufe,
tana bin wannan ƙaramin taru zare-zare,
kofi yana hucewa.