Allon Bakin Kwata

Lahadi da yamma a Tenaún, ruwan sama ya ɗan tsagaita.
Na fito da alli a aljihu, tsumma a kafaɗa,
na goge makon jiya daga allon bakin kwata.
Shekara goma sha tara ke nan ni ke rubuta wa garin nan
abin da zai hana shi kwanciya da wuri.

Litinin babu komai.
Na bar layinta wayam, kamar giɓin bakin Floridor masunci.

Talata masaƙa za su baje ulu a zauren coci.
Eduvigis ta rina nata da ɓawon albasa da gansakuka,
ta ce in rubuta cewa kallo kyauta ne,
alhali kowa ya sani
ba a barin gabanta sai da sabuwar hula a ka
da aljihu mara nauyi.

Wani saurayi daga Castro zai rataye zane-zanensa
a tsohon shagon ɗinkin taru.
Duk kwale-kwale ne, kuma duk a kife.
Na tambaye shi dalili, ya ce haka ya same su.
Ban ja da shi ba.

Alhamis da dare, akodiyon.
A nan alli ya cije.
Shekara da shekaru sunan Belarmino Oyarzo nake sawa,
hannuna ya haddace shi kamar hanyar gida.
Bana sanyi ya ɗaure masa yatsu,
jikarsa Ninoska ce za ta rungumi kayan,
’yar shekara goma sha huɗu,
akodiyon ɗin ya fi ta faɗin ƙirji.
Tsohon ya ce zai zauna a kujerar gaba,
ƙafarsa dai ba ta manta kiɗa ba.
Na rubuta Oyarzo kawai.
Kowa ya karanta wanda ransa ke so.

Juma’a za a haƙa rami a bayan makaranta,
a gasa duwatsu har su yi jawur,
a zuba ƙumba da kaguwa da dankali, a lulluɓe da manyan ganye.
Kuɗin na rufin aji ne,
wanda ke yoyo a kan taswira
har Ajantina ta jiƙe ta fara ɓarewa.

Saura layi ɗaya,
alli ya koma kamar ƙwayar wake.

Asabar gayya ce.
Bijimai goma sha biyu, igiyoyi, gungumen itace,
za a ja gida daga gaɓa zuwa tudu,
don teku ta fara lasar dokin ƙofa.
Na sha rubuta irin wannan:
ku zo da takalmin roba, akwai abinci,
akwai goge da ganga bayan an sauke,
hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.
Da sauri nake rubutawa, ina fito.

Wannan karon gidan nawa ne.

Tagar da Herminia ke leƙowa
ta ce mini rubutuna ya karkace,
ƙusar da ta rataye rigar ruwanta
hunturu uku da suka wuce,
da rigar,
duk za su hau tudu, ana sowa,
ana kiran shanu da sunayensu.
Ita kuwa ba ta taɓa son tudu ba.
Ta ce daga can ba a jin ƙamshin gishiri.

Yayyafi ya dawo kafin in saka aya.
Kafin asuba rabin haruffan za su zube ƙasa.
Ba komai, matuƙin jirgin fito ya riga ya karanta,
kuma bakinsa ya fi allo nisan zango.

Ina naɗe tsumma sai ga Ninoska a guje,
gashi jiƙe, tana haki:
“Don Nolberto, in gidan ya isa, wane kiɗa zan yi?”
Na ce, “Wanda kika iya, ’yata.
Ki dai ja shi a hankali,
gidan ya ji, ya saki jiki ya zauna.”