Na'ura Uku a Shagon Altine

Ranar da waya ta cusa ni wani lungu a tsohon gari,
da buhu ɗari shida na simintin Kalambaina,
wayar lantarki ta sarƙe kan tirela,
mai shayi na janye benci, mai tsire na zagi,
awa uku na yi ina komawa da baya.

Muryar da ke ciki ko a jikinta.
Ta ɗauke ni ɗan kabu-kabu,
ta ce in karya dama
inda ko jaki sai an sauke masa kaya.

Shi ya sa ran Laraba, bayan la'asar,
na zauna a shagon Altine kusa da tashar manyan motoci.
Ya share kwali da hannun riga,
ya jera guda uku,
ya ce, "Ladan, ga su nan, zaɓi ɗaya."

Ta farko kamar sabulun wanki, ga araha.
Na ce tana tambayar tsawon mota?
Altine ya sosa ƙeya.
To wadda ba ta tambayi nauyina ba
yaya za ta san gadar da za ta ɗauke ni lafiya?

Ta biyu faɗinta ya kai faranti,
tana waƙa, tana nuna fim, har hoto take ɗauka,
amma in sabis ya ɗauke bayan Tangaza
sai ta yi fari fat kamar allon da aka wanke.
Nomau, yaron motata, idonsa na kanta.
Na ce kai, ba biki za mu ba, tafiya ce tafiya.

Ta uku baƙa ce, mummuna, mai kaurin baki.
Ina kunna ta ta hau ni da tambaya
kamar ɗan kwastan a Illela:
tsayi nawa, faɗi nawa, tan nawa,
me ka ɗauko, ƙafa nawa ne a ƙasa?
Na fita da igiyar awo, Nomau ya hau sama,
ya ƙwala: mita huɗu da 'yan kai!
Shekara goma sha tara ina jan wannan baƙin ƙarfe
ban san tsayinsa ba. Na ji kunya.

Taswirarta a cikinta take, in ji Altine,
tauraron sama kawai take nema,
ba ruwanta da kati, ba ruwanta da layi.
Kuɗinta ya kai ribar lodin albasa biyu daga Gada.
Na taya, ya ce albarka.
Na miƙe, ya riƙe min gefen riga.
Muka tsaya a inda kowa ya ɗan ji ciwo a wuya.

Marigayi Arzika, wanda ya koya min sitiyari,
da itatuwa yake karanta ƙasa:
in ka wuce kukar nan mai rami, rage wuta,
tsamiya biyu, akwai kwana.
An sare kukar bara.
Tsamiyar ɗaya ta zama turmi, ɗaya gawayi.
Da me zan koya wa Nomau hanya?

Na manna ta a gilashi, ƙasa da carbin Arzika.
Sati biyu ba ta kai ni lungu ba.
Sunan Gwadabawa dai ya gagare ta,
tana faɗa, Nomau na dariya har da riƙe ciki.

Jiya da asuba, bayan ruwan dare,
ta ce miƙe, kilomita tara babu komai.
Sai ga wani dattijo da garma a kafaɗa
tsaye a tsakiyar kwalta, yana kaɗa hula.
Na taka birki. Iska ta yi tsaki.
Ya ce, "Direba, ina za ka?
Ruwa ya tahi da kwalbatin ga tun jiya."

Na rage mata murya.
Na ce Baba, hau ka zauna gaba,
Nomau, koma baya.