Kafaɗar Dutse

Ƙarfe sha ɗaya jiniya ke kuka a Ha Nam.
Thoa ta kife kwanuka, ta toshe kunnen jaririnta.
Nakiya ta tashi, agwagi suka watse cikin shinkafa.

Dā sai rana ta hau kafaɗar farin dutsen nan
kafin ta leƙo gidansu.
Yanzu da sassafe take faɗowa ɗaki, ba sallama:
an cinye kafaɗar.

Jiya masu awo suka kafa jan turke
taku bakwai bayan kabarin kakanta Khiem.
Za a tone, a wanke ƙasusuwa, a kai gaba.

Mijinta ke jan tifar kamfanin.
Ya sauke buhu biyu na ginin sabon kabari.
Ta shafa simintin, ta ce,
"Kaka, ga dutsenka ya biyo ka."