Rabin Yadi

Ƙarfe ɗaya na dare a Tarauni.
Janareton maƙwabci ya yi tari, ya mutu,
saura ni da batirin sola
da fanka mai ciwon wuya.

Jiya da la'asar manhajar nan ta haɗu lafiya lau.
Ban taɓa mata ko ɗigo ba.
Abu ɗaya na yi:
na ga an ce sabon tafinta ya fito,
na danna sabuntawa, na tafi Magariba.

Tafinta nake ce masa, don aikinsa ke nan.
Ni in rubuta yadda ɗan Adam zai karanta,
shi ya juya wa inji da yaren da inji ke ji.
Shekara uku muna tare da tsohon,
ko tsaki bai taɓa yi mini ba.

Na dawo na tarar da allo jajawur,
ƙorafi layi ɗari biyu da sha ɗaya,
kamar na shiga gidan haya ranar da famfo ya ƙafe.

Na kira Tasi'u. Muryarsa cike da barci:
"Koma wa tsohon mana, mutumina.
Ko ka sa kalmar nan da ke rufe masa baki.
Alhaji na jiran kaya da safe,
ba a fafe gora ranar tafiya."
Na ce to. Har na ɗora yatsa.

Sai dai na gungura sama tukuna,
don kuskuren farko shi ne uwa,
sauran 'ya'ya ne, sun ga tana kuka sun kama.

Lissafin yadi, layi na tamanin da bakwai.
Ga ni nan, da hannuna,
na zuba lamba mai rabi
cikin mazubin da bai san rabi ba.
Biyar da rabi ta shiga, biyar ta fita.
Tsohon tafinta yana gani,
ya yanke ƙyallen, ya tura ƙarƙashin teburi, ya kau da kai.
Sabon ya ce shi kam ba da shi ba.

A saman layin akwai 'yar wasiƙa
da na bar wa kaina cikin wani azumi:
"Nafi'u, gyara wannan gobe."

Na jingina da bango.
Kantin Kwari ya faɗo mini a rai,
shagon Alhaji Ɗanlami mai shadda,
ƙarshen kowane wata ana auna abin da ke kanta,
waya ta ce akwai, sandar awo ta ce babu.
Na tuna Sagiru, yaron shago,
yadda ya tsaya riƙe da almakashi
ana zare dubu biyu daga albashinsa,
yana rantsuwa har muryarsa ta dushe.
Ina wurin ranar. Lemo ma aka saya mini.

Gyaran bai kai minti huɗu ba.
Na sauya mazubi, na bi sawunsa
wuri tara da yake ɗiga,
na goge wasiƙar.
Na sake cewa: haɗa.

Fankar kwamfuta ta ɗauki nishi.
Layi na bin layi, ba ja, ba ja, ba ja,
har ladanin unguwa ya gwada lasifika da yatsa.
Ta haɗu.

Yanzu ina cikin adaidaita sahu, mun wuce Dangi,
jaka a cinya, rana na hawa.
Ina ta jera magana a baki tana rushewa.
Alhaji zai ce, "Injiniya, an gama?"
Sagiru zai miƙo mini kujera kamar kullum.
Wannan bayanin ba tafintan da zai juya mini shi.
Rabin yadi sau nawa ne a shekara uku?
Na fito da waya, na fara lissafi.