Alli a Bakin Gadar Atbara

A Maiurno ni ne zakaran aji.
Kafin malam ya ɗiga aya
hannuna yana sama.
Da wannan taƙama na sauka Atbara,
da ita da tumbin da kisirar Inna ta gina.

Sajan Mirgani ba ya tambaya a inuwa.
Da asuba zai kora mu,
jaka a baya, bindiga a ƙirji,
mu bi layin dogo har gada, mu juyo,
sai ya miƙo alli yana duban agogo:
"Ga nisa, ga iska daga gabas.
Ina za ka ɗaga bakin igwa?"

Ran farko bakwai ta rikiɗe mini ɗaya.
Zuciya na lugude a kunnena,
gumi ya cinye rabin allon,
sifiri ya gangara ƙasa kamar goruba.
Na san amsar, wallahi na san ta,
tana can ƙarƙashin haki
kamar guga a rijiyar da igiya ba ta kai ba.

Tajussir kuwa, ɗan dakon riɗi daga Gadarif,
wanda ya bar makaranta a aji huɗu,
ya tsaya kamar wanda ya fito daga wanka,
ya ja lambobinsa karkatattu, a hankali,
bai kuskure ba sai a rabawa.

Da dare muka yi ciniki a kan kofin shayi.
Na ba shi rabawa da ƙwayar dabino,
ya ba ni numfashi:
taku uku ka sha, taku uku ka saki,
ka ƙirga katakon layin dogo, kada ka ƙirga gajiya.

Wata huɗu.
Bel ɗina ya ci sabon rami biyu.
Bakwai ta zauna bakwai ko bayan gada.
Ashe kai ɗan haya ne,
huhu ke da gidan.

Sajan ya duba allona, ya duba na Tajussir,
bai yaba ba, ya dai mai da agogo aljihu.

Yanzu hannuna ba ya rawa.
Abin da ke hana ni barci daban ne:
duk amsar da na samu daidai
wani wuri ce a bayan tudu,
mai yiwuwa da rijiya,
da akuya a ɗaure,
da yaro yana ɗaga hannu a aji.