Sarƙar Mai Awo

Kafin a raɗa wa wurin suna, ciyawa ce iya wuya,
'yan Pawnee kaɗai suka san inda ruwa ke kwana.
Sai mai awo ya zo da sarƙa
ya yayyanka filin Nebraska kamar ƙyalle.

Kakana Vojtech ya samu yanki guda.
Babu itace, da hoge ya gina ɗaki.
Fara ta cinye masarar farko, har ta lashi ƙotar fartanya.

Garuruwa biyu suka yi ta jayayya kan hedikwatar gunduma.
Cikin dare aka sace kundin filaye a keken shanu,
gari ya waye, kotu tamu ce.

Ɗaya garin yau saura maƙabarta.
Can Ludmila, ƙanwarsa, take kwance.
Ta rantse ba za ta ƙaura ba,
ba ta kuwa ƙaura ba.